Wa Zai Sayi Ruwan Makewayi? Ƙarancin Ruwa da Tsaftar Masai a Unguwannin Damagaram

A gidajen haya na Damagaram rigimar makewayi ba ta ƙarewa, kuma da bazara ta kama sai ta ƙara zafi. Ɗakin nan ya ce yaran ɗakin can ne ke ɓata wurin, ɗakin can ya ce ai shi ya wanke jiya, mai gida kuwa in ya zo karɓar kuɗin wata sai ya toshe hanci ya ce mutanen gidan nan ba su san tsafta ba. An maimaita maganar har ta zauna a zukatan mutane, cewa talakan birni ƙazami ne. Ni ban yarda da wannan hukunci ba. Matar da ke share tsakar gida tun kafin rana ta fito, ta wanke kwanoninta tas da ruwan da bai cika roba ba, ba ita za a koya wa tsafta ba. Tambayar da ake tsallakewa ita ce: ruwan da za a wanke makewayin nan, daga bidon wa zai fito, kuma wa zai biya kuɗinsa?

Kafin a kai ga amsa sai an san irin ƙasar da garin yake zaune a kai. Damagaram bisa dutse take. Manyan duwatsun da ake gani a unguwannin Birni da Garin Malam kawunansu ne kawai suka leƙo, sauran jikin yana shimfiɗe a ƙarƙashin gari, kuma irin wannan dutse ba ya riƙe ruwa sai ɗan abin da ya maƙale a tsagoginsa. Ruwan sama ma ba wani mai yawa ba ne, wajen milimita 400 a shekara, yana sauka cikin wata uku zuwa huɗu ya wuce. Turawan Faransa sun mai da garin hedikwatar mulkinsu a 1911, amma a 1926 suka kwashe suka koma Yamai bakin kogi, kuma matsalar ruwa na cikin dalilan da ake ambata na wannan ƙaura. Ke nan ƙishirwar garin ta girmi kakanninmu.

Shi ya sa ruwan famfon Damagaram baƙo ne, daga nesa ake jawo shi. Da farko rijiyoyin Gogo da Macaya ne a kudancin gari, waɗanda ƙarfinsu ya dogara da kyawun damina. Aka ƙara da na Arunguza, sannan a shekarun 2000 aka buɗe na Ganaram da taimakon ƙasar Sin. Kowane ƙari yakan kawo sauƙi na ɗan lokaci, sai yawan jama'a ya cim masa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da dubu 230 a cikin garin, kuma tun daga lokacin haihuwa ba ta tsaya ba, masu shigowa daga karkara ma ba su tsaya ba. Ga shi kuma injinan da ke tura ruwan da wutar lantarki suke aiki, in wuta ta ɗauke ruwa ya bi ta. Tun gyaran da aka yi wa harkar ruwa a 2001, kamfanin SPEN ne ke riƙe da kayan aiki da manyan gine-gine, SEEN na rarrabawa da karɓar kuɗi, har zuwa farkon 2024 da kamfanin NDE ya gaje shi. Sunaye sun sauya, amma a watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, unguwanni da dama sai tsakar dare suke ganin ruwa, in sun gan shi. Waɗanda ke kan tudu da waɗanda ke ƙarshen bututu su ne na baya a layi.

Wanda ba shi da famfo a gida ya fi kowa biyan ruwa da tsada, kuma lissafin a bayyane yake. Lita 1,000 daidai take da bido 40 masu cin lita 25. Mai famfo a gida, a rukunin farko na kuɗin ruwa da aka daɗe ana biya, lita 1,000 ba ta kai masa dala 30 ba, wato sefa 150. Wanda ke saye bido-bido kuwa, ko da a dala 5 ya samu kowane bido, wannan lita 1,000 ta tashi masa jika guda, sefa 1,000. In bazara ta tsananta, ɗan ga-ruwa ya kwana a layi ko ya tura kurarsa daga wata unguwa mai nisa, kuɗin bido sai ya ninka, kuma ba a ga laifinsa ba, guminsa yake sayarwa.

To ruwan da aka saya da irin wannan tsada ba a zubar da shi haka kawai. Kowace uwar gida tana da tsarin rabonsa a kanta, ko ba ta taɓa faɗa ba. Na sha ne farko, sai na girki, sai na alwala da tsarki, sai wankan mai gida da zai fita nema da na yara masu zuwa makaranta, sai wanke-wanke, wanki kuwa a tara shi sai ranar da ruwa ya zo. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 ga kowane mutum a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da zai ishi sha da girki da ɗan wanke hannu, sai an kai wajen lita 50 kafin a ce wanka da wanki sun samu yadda ya kamata. Iyali mai mutum bakwai da ke rayuwa da bido huɗu ko lita 15 kowannensu bai samu ba. A cikin wannan rabo, daɓen makewayi ba shi da kaso. Da a ce makewayin nata ne ita kaɗai, da ta matse ta ware masa ko rabin bokiti, don ta san ita da 'ya'yanta za su ci amfanin. Amma na gida ne gaba ɗaya. In ta zuba ruwan da ta saya ta wanke shi da safe, kafin hantsi mutum ashirin sun shiga, ya koma yadda yake. Ta yi yau, ta yi gobe, jibi sai ta ce ita ma ba baiwar kowa ba ce. Kowace mace a gidan da irin wannan lissafi take kwana, kuma kowacce tana da gaskiya. Nan ne asalin ƙazantar take, a wurin da kowa ke amfani da shi amma ba a ɗora wa kowa sayen ruwansa ba.

A ɗauki gida mai ɗaki takwas, kowane ɗaki mutum biyar, masai ɗaya. Mutum 40 ke nan a kan rami guda. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji ke bi ko a sansanin 'yan gudun hijira ita ce kada masai ɗaya ya wuce mutum 20. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Da asuba layi ne, mai gudawa ba ya iya jira, yaro ya tsuguna a bakin ƙofa, wani ya yi a leda ya jefa bayan katanga. Mu kuma mutane ne masu tsarki da ruwa, buta ba ta rabuwa da mu. In kowa ya shiga sau ɗaya da lita ɗaya da rabi, ya fito ya wanke hannu da lita guda, an tashi da lita 100, bido huɗu, ba a ma zo kan wanke daɓe ba. Idan kuma masan irin na zamani ne mai tangaran da sai an kora da ruwa, a ƙara lita 2 zuwa 3 a kowace shiga. Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne babba mai gida ya sa tangaran a gidan haya da ba shi da tanki. Ranar da aka sa shi gwanin kyau, amma mako guda na rashin ruwa ya isa ya toshe, ya zama abin da ya fi masan gargajiya muni nesa ba kusa ba. Masu ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya, wato Hukumar Lafiya da UNICEF, ba sa ma lissafa masan da gidaje biyu ko fiye ke tarayya a kansa cikin wadataccen makewayi, komai kyan gininsa. Suna da hujja, sai dai a unguwa mai cunkoso babu filin da kowane ɗaki zai haƙa nasa. Tarayyar ba za ta gushe gobe ba, gyara ta ne aikin da ke gabanmu.

Dutsen nan da ya hana garin ruwa shi ne kuma ya hana shi rami mai zurfi, kuma ba a cika haɗa waɗannan biyu wuri guda ba. A unguwa irin Kara-Kara, wadda asalinta matsugunin kutare ne da aka ware a gefen gari, inda har yau fasa dutse sana'ar mutane da yawa ce, mai haƙa yakan ci karo da fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, tun bai yi nisa ba. Masana gini suna lissafa cewa mutum ɗaya yana tara wa rami lita 40 zuwa 60 a shekara. Mutum 40 za su cika rami mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita biyu cikin shekara guda ko kusa da haka. Wannan ma a ƙasa mai tsotse ruwa ke nan. A kan fa ruwan tsarki ba ya nutsewa, in kuma a nan ake wanka, kamar yadda yake a gidaje da yawa inda wurin wanka da masai ɗaki ɗaya ne, ramin sai ya cika tun ba a je ko'ina ba. Masai in ya kusa cika wari ya tashi, tsutsa ta hau, ƙuda ya samu gida, kuma a wannan matakin ko an kwarara masa bido goma ba zai tsarkaka ba.

Damina ba ta kawo hutu, salon wahalar kawai take sauyawa. Ruwa ya cika ramuka marasa zurfi, su tumbatsa, abin da ke ciki ya bi lungu ya gangara tabkunan cikin gari inda yara ke wanka, ake buga tubali, ake shayar da dabbobi. Ginin ƙasa ya jiƙa, bakin masai ya rufta. Daminar 2024 da ta rushe tsohon masallacin Birni mai tarihi a watan Satumba ta nuna irin ƙarfin da ruwa ke da shi a kan ginin laka, kuma ruwan da ya kayar da masallaci ba katangar makewayi ce za ta gagare shi ba. Akwai kuma wata ɓarna da ba a gani da ido. Bututun da ke cike da ruwa, in ya tsage, waje yake fesarwa. Wanda ya kwana biyu babu ruwa a ciki kuwa, abin da ke kewaye da shi yake zuƙowa ta wannan tsagar. In bututun ya ratsa ta kusa da kwata ko ramin masai, ruwan farko da zai zo bayan yankewa yana iya zuwa da cuta, kuma shi ne ruwan da ake rububin tara da murna.

Hanyar da cutar ke bi gajera ce: daga rami zuwa hannu, daga hannu zuwa hannun buta, zuwa moɗar da ake tsomawa a randa, zuwa bakin yaro. Ƙuda ya ɗauki nasa kaso ya sauke a kan tuwo. Wanke hannu da sabulu kaɗai yana rage gudawa da wajen kashi 30 cikin 100, amma wanke hannu shi ne abu na farko da ake yankewa in bido ya kusa ƙarewa. Ga kuma wani zato da ya yaɗu tsakanin iyaye, wai kashin jariri ba shi da illa, sai a wanke fo a tsakar gida kusa da kwanoni, alhali kuwa ƙwayoyin cutar da ke cikinsa ba su gaza na babba ba. Yaron da gudawa ke kama shi a kai a kai abinci ba ya zama a jikinsa, daga nan sai tamowa, wadda jihar Damagaram ta daɗe tana fama da ita. Zazzaɓin taifot ma ta nan yake shigowa, kuma likitocin tiyata na babban asibitin garin sun yi rubuce-rubuce kan yaran da ake kawo musu cutar ta riga ta huda musu hanji. Annobar amai da gudawa ta 2021 ta kama mutum sama da dubu 5 a Nijar, ta kashe sama da 150, jihohin Maraɗi da Damagaram na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Hatta ciwon ido na amodari yana da alaƙa da wannan, domin ƙudan da ke yaɗa shi a kashin da aka bari a fili yake hayayyafa, ba ya yi a cikin rami. Dalilin da ya sa Cibiyar Carter, wata ƙungiyar agaji ta Amurka, ta shiga aikin gina masai a karkarar jihar tun 2002 ke nan.

Nauyin duk wannan a kan mata ya fi sauka. Namiji ya fita kasuwa ko tasha, ya biya 'yan daloli ya shiga gidan wanka da ba-haya, ko ya lallaɓa makewayin masallaci. Mace tana gida. Da yawa sukan rage shan ruwa da rana don kada fitsari ya matsa musu su shiga wurin da ba ya shiguwa, a garin da zafinsa ke haura 40, kuma riƙe fitsari da ƙarancin sha hanya ce ta ciwon mafitsara. Mai jinin al'ada tana bukatar ruwa da sirri da wurin shanya ƙyalle, makewayin da ƙofarsa tsohon buhu ne ba ya ba ta ko ɗaya. Mai ciki ta tsuguna a kan daɓe mai santsin ƙazanta. Budurwa ta ji tsoron fita cikin dare zuwa wurin da ba fitila ba sakata, a gidan da ke cike da baƙin maza. Waɗannan abubuwa ba a faɗarsu a gaban mai gida saboda kunya, shi ya sa ba sa shiga lissafin gyara. Almajirai kuwa, da yawansu makarantarsu ba ta da masai ko ɗaya, sai bayan duwatsu da kangaye. A Nijar gaba ɗaya kusan mutum biyu cikin uku a fili suke ba-haya, mafi yawa a karkara, kuma gwamnati ta ɗaukar wa kanta kawo ƙarshen haka nan da 2030 a cikin shirinta na ruwa da tsafta da ya fara a 2016. A birni ba za a kai ga wannan buri da ƙirga yawan ramukan da aka haƙa ba, domin masan da ya ƙazantu korar mutane yake yi su koma fili.

Mu zo ga abin da za a iya yi tun ruwan garin bai wadata ba. Na farko a wurina shi ne makewayi ya samu nasa ruwan, da sunansa. Gidan haya ya ajiye tano ko babbar roba mai murfi da ɗan famfo a ƙofar makewayi, a yanka wa kowane ɗaki abin da zai riƙa bayarwa gwargwadon yawan mutanensa, a damƙa kuɗin a hannun mutum ɗaya da kowa ya yarda da shi, galibi dattijuwar gidan da in ta ce "'yata, yau kwananki ne" ba mai musa mata. Da zarar ruwan ya zama na gida, matar da ke wanki ba ta jin ana cin guminta, kuma zagayen kwanan wanke makewayin yana iya ɗorewa. Maza ma su shiga, in ba da tsintsiya ba to da kuɗin ga-ruwa da sabulu. Ruwan wanki da na ɗauraya, mai kumfar omo, bai kamata a watsar da shi a lungu ba, shi ya fi dacewa da wanke daɓe. Inda sabulu ya gagara, toka ta fi babu, kuma watsa ta a rami yana rage wari da ƙuda. Ruwan jabel kaɗan a bokiti ya isa goge daɓe da hannun ƙofa, amma tuttula shi ko girezil da yawa a cikin ramin yana kashe ƙananan halittun da ke narkar da abin da ke ciki, ramin ya ƙara saurin cika.

Sauran aikin na mai gida ne, kuma a nan nake ganin an fi sakaci. Daɓen siminti mai laushi da ya ɗan gangara zuwa bakin rami, da wurin taka ƙafa da murfi, ana wanke shi da kwatankwacin buta biyu, alhali daɓe mai kaushi da tsaga yana shan bokiti bai fita ba. Bututun iska mai tsawo da aka rufe bakinsa da raga yana fitar da wari, ya kuma tsare ƙudan da ya bi haske ya hau. Raba wurin wanka da masai yana tsawaita ran rami. Inda fa ya hana haƙa, ana ɗaga ginin sama a yi rami biyu, in ɗaya ya cika a rufe shi shekara ɗaya zuwa biyu ya bushe ana amfani da ɗayan, kwasarsa ta zo da sauƙi da ƙarancin haɗari. Ƙofa mai sakata da ƙaramar fitila mai aiki da hasken rana ba su kai kuɗin hayar ɗaki ɗaya na 'yan watanni ba. Wanda ya iya ƙara ɗaki na tara don ya ƙara samun haya, ya iya ƙara masai na biyu. Nijar tana da dokar tsaftar jama'a tun 1993, kuma ma'aikatar magajin gari tana da jami'an tsafta. Zai fi amfani su riƙa tambayar Alhaji mai gida ɗaki nawa ya zuba, masai nawa ya gina, maimakon cin tarar matar da ta zubar da ruwan wanka a ƙofar gida don ba ta da inda za ta kai shi. Makewayin kasuwa da na tasha da na makaranta kuwa, kada a ba da izinin buɗe shi sai da tankin da zai riƙe ruwan kwana biyu ko uku.

Akwai mutanen da duk wannan tsari ke tsaye a kan wuyansu, kuma ba a son ko ambatonsu: masu yasar masai. Motar zuƙa ba ta shiga ƙananan lungunan Birni da makamantansu, kuɗinta ma ya fi ƙarfin gidaje da yawa, saboda haka da bokiti da igiya ake yi, galibi cikin dare, ba safar hannu ba takalmin roba. Abin da aka kwaso a binne shi a ramin da aka tona a ƙofar gida, ko a kai shi bayan gari a juye inda ruwan farko zai dawo da shi. Gari mai girman Damagaram yana bukatar keɓaɓɓen wurin zubar da wannan kaya da shanya shi, da ƙananan kuraye masu tanki da za su iya ratsa lungu, da rajistar masu sana'ar domin a ba su kayan kariya da rigakafi, a kuma daina kallonsu a wulaƙance. Lokacin da ya dace a yashe rami shi ne watan Mayu, kafin saukar ruwan farko. Sai dai daidai lokacin ne bido ya fi tsada, aljihun 'yan haya ya fi bushewa, mai gida kuma ya ce a jira wata mai zuwa. Don haka kuɗin yasa tun da kaka ya kamata a fara tara shi, kaɗan-kaɗan tare da kuɗin haya, a kuma faɗa a gaban mai unguwa tun ranar shiga gida kaso nawa ne na mai gida, nawa ne na 'yan haya.